Amsoshin Masu Tara Faifan Jaz: Duba Faifai Kafin Ka Tura Kuɗi

Tambaya: Malam, mahaifinmu ya rasu bara, ya bar garmaho da faya-fayan jaz kwali biyu. 'Yan'uwa sun ce a kai gwanjo. Raina bai so ba, amma ban san komai a kan wannan kiɗa ba. Ta ina zan fara? Daga wata baiwar Allah a Kaduna.

Amsa: Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. 'Yata, kwantar da hankalinki, babu wanda aka haifa da sanin jaz. Tunda dukiyar gado ce, a samu mai sani ya yi musu ƙima, ki biya 'yan'uwa rabonsu, ki riƙe abinki cikin aminci. Kada ki bari ɗan gwanjo ya yi musu kuɗin goro a dunƙule. Sai ki bincika kwalin, da wuya a rasa Kind of Blue na Miles Davis, wanda ya fito a 1959. Shi za ki fara sakawa, da dare, bayan gida ya yi shiru. Kiɗan ba ya gaggawa, kuma za ki ji yadda John Coltrane da Cannonball Adderley ke karɓa-karɓa da saksofon, Bill Evans na bin su a hankali da fiyano. In kin samu At the Pershing na Ahmad Jamal, na 1958, shi ne na biyu. Amma kafin komai, a canja allurar garmahon. Tsohuwar allura tana cinye faifai, kuma abin da ta cinye ba ya dawowa. Ki jera su a tsaye, kada ki ɗora wani kan wani, ki nisanta su da taga da ƙurar hunturu.

Tambaya: Tsakanin Miles Davis da Coltrane wa ya fi? Muna gardama a majalisa. Daga wani matashi a Jos.

Amsa: Wannan tambaya ta ishe ni. Ku tashi daga gardamar ku je ku saurara. Mutanen nan sun yi shekaru suna kiɗa a ƙungiya ɗaya. Ka ji A Love Supreme, wanda Coltrane ya ɗauka a Disamba 1964, tun daga farko har ƙarshe ba tare da taɓa waya ba, sannan ka sake rubuto mini.

Tambaya: Wani a Instagram ya yi mini tayin Blue Train na Coltrane, ya ce bugun asali ne, sabo fil cikin leda, nauyin giram 180. Kuɗin ya kusa albashina na wata. In tura? Daga wani ma'aikaci a Abuja.

Amsa: Alhaji, kada ka tura ko sisi. Bayanin da ya ba ka ma ya tona shi. An ɗauki Blue Train a Satumba 1957, kamfanin Blue Note ya fitar da shi da lamba 1577. Faifan da ya haura shekara sittin a duniya ba ya zuwa da takardar talla ta giram 180 manne a leda, wannan yayin baya-bayan nan ne. Ka ce ya ɗauko maka hoton bayan bangon. In ka ga layukan nan baƙaƙe da ake haskawa a kanti, magana ta ƙare, domin a wancan zamani babu su a jikin faifai.

Bugun farko yana da alamominsa. A tambarin tsakiya za ka ga adireshin kamfanin na lokacin, 47 West 63rd, a New York, da wani zurfaffen zobe da injin bugu ya bari. A filin da ke tsakanin ƙarshen kiɗa da tambari, in ka karkata faifan ga haske, akwai haruffa RVG, wato Rudy Van Gelder, injiniyan da ya ɗauki sautin, da wata 'yar alama mai kama da kunne, ta masana'antar buga faifai ta Plastylite. Bayan da kamfanin Liberty ya sayi Blue Note a tsakiyar shekarun 1960, kunnen nan ya ɓace. Duk mai sayarwa da ya ƙi nuna maka wannan wuri, ko ya ce maka ba a buɗe leda, ka rabu da shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai ma wani ne daban. A Turai, haƙƙin mallakar sautin da aka fitar kafin 1963 ya ƙare, don haka ƙananan kamfanoni suka samu ƙofa. Ba su da faifan ɗauka na asali, yawanci daga CD suke kwafa, su zuba a roba mai nauyi, wani lokaci ja ko shuɗiya, su canja hoton bango. A can arha ake sayar da su. Kafin su iso hannunmu an ɗora canjin dala, kuɗin jirgi, kwastan da ribar dillali, sai mutum ya biya kuɗin buhun shinkafa a kan abin da wayarsa za ta ba shi kusan kyauta. Nauyin roba ba ya ƙara wa sauti komai, ina aka kwafo kiɗan shi ne magana. Kuma ina ganin yadda samari ke tara irin waɗannan don ɗaukar hoto kawai, ga kuɗin haya na jiran su, ga iyali, ga garmahon ma na roba ne mai allura kamar ƙusa. Wannan almubazzaranci ne, ba son kiɗa ba.

In kana son Blue Train tsakani da Allah, nemi sabon bugu daga Blue Note da kansa, jerin Tone Poet da ya fara a 2019. Na kamfanonin Prestige da Riverside kuwa, kamar Saxophone Colossus na Sonny Rollins, tsoffin bugun Original Jazz Classics na shekarun 1980 suna da daɗin ji. CD na gaskiya ma ba abin kunya ba ne. Kuma kada ka ci bashi don faifai.

Tambaya: Da gaske ne wani babban makaɗin jaz ya taɓa zama a Zariya? Daga wata ɗaliba a Samaru.

Amsa: Da gaske ne, 'yata, kuma na ji daɗin tambayar. Yusef Lateef ne, Ba'amurke Musulmi, mai busa saksofon da sarewa. Ya yi aikin bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello daga 1981 zuwa 1985, ya kuma nazarci sarewar Fulani. Yana da faifai mai suna In Nigeria da ya ɗauka a 1983. Ki fara da Eastern Sounds na 1961, ya fi sauƙin samu.

Tambaya: Na manta Moanin' na Art Blakey a mota da rana, ya lanƙwashe. In goge shi da dutsen guga? Daga wani a Sakkwato.

Amsa: A'a! Zafi ne ya ɓata shi, za ka ƙara masa wani? In lanƙwasar kaɗan ce, sa shi cikin rigarsa ta takarda tsakanin gilasai biyu masu faɗi, ɗora littattafai, ka bar shi makonni a ɗaki mai sanyi. In allura na tsalle har yanzu, ka haƙura ka nemi wani, kuma kada ka sayar wa kowa da wannan a matsayin lafiyayye.