Roba ba ta san toka-toka ba

Jiya bayan La'asar ka tambaye ni: "Maigida, na cire kala daga bajon makarantar nan, hoton ya koma baƙi da fari, amma hatimin ya fito a cakuɗe. Ina kuskuren?" Lokacin shago cike yake da mutane, shi ya sa na ce ka bari sai na zauna.

Ɗana, hoton naka bai koma baƙi da fari ba, toka-toka ne. Idan ka cire kala, kwamfuta tana barin matakai 256, daga 0, baƙi ƙirin, zuwa 255, fari fat. Abin da ke tsakani idonka yana ganinsa lafiya lau a fuskar kwamfuta, amma robar hatimi ba ruwanta da shi: ko ta taɓa takarda, ko ba ta taɓa ba. Haka ragar da muke buga riguna da ita, ko tawada ta ratsa, ko ta tsaya. Da ka tura tokar nan firinta, sai ta farfasa ta ta zama ƙananan ɗigo, hasken fitilar da muke daskarar da robar hatimi da ita ya bi ta tsakaninsu, roba ta daskare a inda bai kamata ba.

Abin da ya rage maka shi ne tireshol, wato iyaka. Kai za ka ja layi ka ce duk abin da ya fi wannan duhu ya zama baƙi, saura fari. Photoshop yana fara ajiye shi a 128, tsakiya ke nan, kuma yawancin yara nan suke danna amincewa su wuce. Kada ka yi haka. Kusanto da hoton, ka sa ido kan rubutu mafi ƙanƙanta, cikin "a" da "o", da lanƙwasar kan ƙ da ɗ. Ka ɗaga lambar, baƙi ya ƙaru, ramukan haruffa su toshe. Ka sauke ta, siraran layuka su tsinke. Wurin tsayawa yana tsakani, kuma kowane hoto da nasa.

Sai dai tireshol aikin ƙarshe ne. Kafin shi, ka ɗauko takardar a sikana da ɗigo 600 a kowane inci, ko 1200 in rubutun siriri ne, domin da zarar toka ta tafi babu abin da zai ɓoye kaushi a gefen haruffa. Sannan ka danna Ctrl da L a Photoshop, wurin daidaita haske da duhu ya buɗe, ka ja fari har dattin takarda ya ɓace, ka ja baƙi har tawada ta kama. Ka tuna malamin nan da ya zo daga wajen Hubbare da hoton tsohon shafin ajami a waya? Takarda ta yi ja, ga inuwar hannunsa a gefe guda. Lamba ɗaya ba za ta yi wa shafin duka ba, gefen inuwa zai cinye, ɗaya gefen ya koɗe. Irin wannan sai ka raba shi kashi-kashi, kowanne da iyakarsa. Ni kam na fi son in roƙi mutum ya kawo takardar da kanta.

Fuskar mutum kuwa wani zance ne daban, kuma nan na taɓa shan kunya. Ina sabon hannu aka kawo mini hoton wani dattijo a buga a rigunan walima. Na sa masa iyaka ɗaya. Fatarmu tana ƙasa da 128, sai fuska ta zama dunƙulen baƙi, farin rawani da babbar riga suka narke cikin farin yadi. Idanu ma ba a gani. Da kuɗina na sake rigunan.

Fuska ɗigo take so, irin na hoton jarida, manya a wurin duhu, ƙanana a wurin haske, ido ya haɗa su daga nesa. Shi ne haftun. Ka fara haskaka fuskar, ka ɗan duhunta rawanin don ninkinsa ya fito, sannan ka mayar da hoton bitmaf, wato baƙi da fari zalla ba toka. Ga riga ina sa layi 45 a inci, a karkace digiri 22.5, don kada ɗigon ya yi faɗa da saƙar raga. A CorelDRAW za ka ga wani zaɓi mai suna Floyd-Steinberg, dabarar da mutum biyu suka fitar a 1976. Tana watsa ɗigo kamar yashi, tana kyau a takarda, amma ba na ba raga ita, ɗigon ya yi ƙanana.

In ka gama, ka ajiye a TIFF ko PNG. JPEG zai dawo maka da toka a gefen haruffa, aikinka ya koma baya. Kuma ka bar kwafin asali, domin tokar da ka zubar ba ta dawowa.

Bajon makarantar yana cikin aljihun tebur. Gobe da safe, tun kafin a ɗauke wuta, ka goge ƙurar gilashin sikana ka sake ɗaukarsa, ka fitar mini da shi a 110, da 128, da 150, a takarda ɗaya. Ka zaɓi naka kafin ka nuna mini.