Allon wasa mai hanyar Makka: amsar maigida ga yaronsa

Ka tambaye ni kan aikin da samarin fadar unguwarku, masu zaman hira da shayi, suka kawo. Suna son allon wasa irin na maciji da tsani, amma na addini, wanda za su riƙa bugawa bayan isha'i ana shan shayi: Bisimilla a sassaƙe a samansa, Aljanna a gida na ɗari, wuta a bakin babban macijin. Ka ce mu karɓa ko mu bari, in mun karɓa kuma ta ina za a fara. Mu karɓa, ɗana, aiki ne mai kyau. Sai dai ba yadda suka zana shi a takardar nan za mu yi ba.

Abin da suke nema ba sabo ba ne. Shi kansa maciji da tsani da kake gani a bayan allon lido, asalinsa wasan addini ne na mutanen Indiya, suna ce masa Moksha Patam. Kowane tsani hali ne na kirki, kowane maciji mugun hali, kuma macizan sun fi tsanin yawa, don yaro ya gane faɗuwa ta fi hawa sauƙi. Turawan Ingila suka ɗauke shi cikin shekarun 1890, suka rage masa wa'azin, a 1943 kuma kamfanin Milton Bradley na Amurka ya fitar da nasa, ya cire macizan ɗungurungum ya sa wurin sulɓi na yara. Tun kafin wannan da dubban shekaru, Misirawa na da Senet, gida talatin a layi uku, goma-goma, suna ɗaukarsa hoton tafiyar rai zuwa lahira. An tarar da allunansa a kabarin Fir'auna Tutankamun da aka gano a 1922. Sufaye ma suna da nasu, Shaɗaranjul Arifina, mai gida ɗari, da ake jingina wa Ibn Arabi, kowane gida da sunan wani hali ko wani matsayi na mai neman kusanci ga Allah.

To amma mu a Yamai muke, kuma allon nan cikin gidajen mutane zai shiga. Abu na farko da zai tayar da magana shi ne ɗan lidon da ake jefawa. A Sahihu Muslim akwai hadisin da ya ce wanda ya yi wasan nardashir kamar ya tsoma hannunsa ne cikin nama da jinin alade, kuma nardashir wasan allo ne da ake yi da abin jifa irin ɗan lido. Risala da ake karantawa a zaurukanmu ta faɗa a fili cewa wasan nardi, wato nardashir ɗin nan, da shaɗaranji, wato chess, bai halatta ba. Ko lido da ba a sa kuɗi ba ya shiga wannan hukunci ko bai shiga ba, wannan maganar malamai ce, kuma sun yi saɓani a kai. Ni kafinta ne, ba zan ba ka fatawa da zarto a hannu ba. Abin da na sani shi ne akwai magidantan da in suka ga abin jifa a kan allo, ko an rubuta masa addini baki da baki, ba zai kwana a gidansu ba. Kuma ka duba abin da wasan yake koyarwa in aka bar shi haka: yaro ya jefa ya ci shida ya hau tsanin sadaka, ɗan'uwansa ya ci biyu ya faɗa bakin macijin giba, alhali ba wanda ya yi sadaka, ba wanda ya yi giba.

Saboda haka ka cire jifan, ka sa katunan tambaya. Mai sauƙi taki ɗaya, mai wuya taki uku. Wanda ya san farillan alwala ya ci gaba, wanda ya rikice ya tsaya inda yake. Tambayoyin kuma ba mu za mu rubuta ba, su kai wa malaminsu ya tsara ya duba amsoshin. Namu shi ne mu yi musu ɗan akwati mai murfin zamewa.

Bisimilla kuwa, kada kurfinka ya taɓa ta. Ka tuna inda allon zai zauna: a kan tabarma, a ƙasa, kusa da gawayin shayi. Za a tsallaka shi, za a ɗora masa kofi, wanda ya ci wasa zai buga masa hannu don murna. Ran da ya tsufa ya karye, bola za a kai shi, ko wata ta hura wuta da shi. Allon makaranta da ake sassaƙawa da itacen aduwa ai ka ga yadda ake yi da shi, jingine shi ake yi a wuri mai tsabta, ko ruwan wankinsa ba a zubarwa ko'ina. Allon wasa ba zai taɓa samun wannan girmamawa ba, don haka ba aya, ba sunan Allah, ba sunan Annabi (SAW) a jikinsa. Aljanna da wuta ma ka cire su. Na san samari: wanda ya sha kaye za a yi ta ce masa ɗan wuta har gari ya waye, raha ta koma faɗa. Ba mu ke rabon Aljanna ba, balle mu kafa ta da ƙusa a gida na ɗari.

Ka kai musu wata shawarar da ta fi tasu daɗi: hanyar hajji ta ƙasa, wadda kakanninmu suka bi wasu har shekaru kafin su isa. Gida na ɗaya Yamai. Daga nan Dosso, Birnin Ƙonni, Maraɗi, Damagaram, a bi ta Barno a shiga Chadi, a wuce Abeshe, a faɗa Sudan ta Janaina da Fashir da Ubayyid, a kai Khartum, a gangara Suwakin a bakin Bahar Maliya, a tsallaka Jidda. Tsani ya zama ayarin raƙuma da ya ɗauke ka, maciji ya zama guzuri ya ƙare ka tsaya noma a Sudan, kamar yadda ya faru ga Hausawa da yawa da jikokinsu ke can har yau. Layuka biyu na sama ka bar wa aikin hajjin kansa bisa jerinsa: harami, ɗawafi bakwai, Safa da Marwa, Mina ran 8 ga Zulhajji, Arfa ran 9, kwana a Muzdalifa, jifa ran 10. Wanda ya buga wannan sau da yawa, jerin zai zauna masa a kai ba tare da ya ji ana karantar da shi ba. In Kirista ya kawo irin wannan aiki, tsarin ɗaya ne, shi zai kawo labarinsa da tambayoyinsa. Su ma sun daɗe da irinsa, tun The Mansion of Happiness da aka buga a Amurka a 1843.

Yanzu katako. Kada ka yanka falanki guda mai faɗi, hunturu na zuwa zai lanƙwashe ko ya tsage. Ka nemo katakon nan mai falle-falle da kamfani ke mannewa, kaurin milimita 10, ka yanka santimita 46 kowane gefe: gida goma na santimita 4, saura 3 ta kowane ɓangare. Ka yi masa baki da jan katako, ka ɗaga bakin kaɗan don kada ƴaƴan wasa su gangare. Ka goge shi har sai tafin hannunka ya daina jin tsika. Kafin fenti ka shafa masa banish siriri ka bar shi ya bushe, in ba haka ba fentin zai bi jijiyar katako ya malale, layinka ya yi gashi. Layukan da lambobin ka fara da fensir, sannan ka bi su da ƙarfe mai zafi yadda masu zanen ƙwarya ke yi, don ƙuna ba ta gogewa. Lamba kuma kai da komo take yi: ɗaya zuwa goma daga hagu, sha ɗaya ta hau bisa goma ta juyo. Nan yara ke ɓata allo, su fara kowane layi daga hagu.

Ƴaƴan wasan ka fere su daga guntayen kirya ko maɗaci da ke ƙarƙashin teburi, ba siffar mutum ko dabba. Ka bambanta su da ƙira, ba launi kaɗai ba: ɗaya mai tsini, ɗaya mulmulalle, ɗaya mai wuya. Da dare ake wasan, in wuta ta ɗauke aka koma fitilar waya, shuɗi da kore duk ɗaya suke.

Gobe ka kai musu sabon zanen. In sun yarda, ka karɓi rabin kuɗin aiki tukuna, sannan ka wuce kasuwar Katako. Ka ɗaga falankin ka hango gefensa da ido ɗaya, in ya yi doro ka ajiye ka ɗauki wani.