Amsar tambayarka kan kwafin bayanan kwastomomi

Na ga saƙonka, kana cewa tunda kai ma yanzu kana cikin masu gyaran manhajar bada rancen nan me zai hana a buɗe maka rumbun bayanan kwastomomi gaba ɗaya, ko a ba ka kwafinsa ka zuba a laftof ɗinka ka riƙa gwaji kan wata matsalar manhajar da kake bi, bayan kuma an riga an kulle komai da inkirifshin, wato rikita bayanai yadda sai mai makulli zai karanta, a kilawud, kwamfutocin haya na intanet da muke ajiya a kai. Toh ɗana tambaya ce mai kyau, kuma kar ka ɗauka rashin yarda ne, ni kaina asusun da nake aiki da shi kullum ba ya ganin BVN ɗin kowa, ni na ce a saita shi haka.

Bari mu fara da inkirifshin ɗin da ka dogara da shi. Amfaninsa shi ne idan wani ya sace faifan da bayanan ke kai ba zai iya karanta komai ba, shikenan. Amma duk wanda ya shigo da asusu mai izini, rumbun da kansa zai warware masa komai ya miƙa masa, bai san ko ma'aikaci ne ko ɓarawo ne ya tsinci fasawod ba. Abinda ya faru da bankin Capital One na Amurka a 2019 kenan, an bi ta wata kafa a saitin katangar tsaron sabarsu a AWS, wato kilawud ɗin kamfanin Amazon, aka samu izinin wani asusu da aka ba shi dama fiye da aikinsa, aka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 100 a Amurka da wajen miliyan 6 a Kanada, kuma bayanan a kulle suke amma izinin da aka sata ya isa ya buɗe su, daga baya hukuma ta ci su tarar dala miliyan 80. Abinda nake so ka lura da shi anan, lambobin shaidar 'yan ƙasa na Amurka da suka fita kusan 140,000 ne kawai cikin wannan tulin, saboda yawancinsu an riga an musanya su da wasu lambobin da ba sa nufin komai in ba a hannun bankin ba. Ka ga aikin rufe bayanai kenan.

Maganar laftof kuwa kar ma ka sake kawo ta. A 2024 kamfanoni kusan 165 masu ajiya a Snowflake, wani kamfanin ajiyar bayanai a kilawud, abin ya shafa, har da AT&T da Ticketmaster, kuma ba wani fasa Snowflake ɗin aka yi ba, fasawod aka sata daga kwamfutocin da ƙwayar cuta ta shiga, wasu ma na 'yan kwangila ne, sannan asusun ba su da tabbaci na biyu irin lambar nan da ke zuwa a waya. Laftof ɗinka kana saukar da abubuwa a kai, ƙannenka na kallo a kai, kana shiga adaidaita da shi a jaka.

Tsarin da muke bi shi ne kowa ya ga iya abinda aikinsa ke buƙata, kuma ba mutum ake ba izini ba, matsayi ake ba, sai a sa mutum cikin matsayin. Yarinyar da ke amsa kiran kwastomomi idan ta buɗe allonta suna take gani, da matsayin rancen, da lambar waya da aka rufe tsakiyarta da taurari kamar haka 0803****412, ya ishe ta ta tabbatar da wanda take magana da shi. 'Yan akawu suna ganin kuɗi ba sa ganin adireshi. Wakilin da ke Kano layukan kwastomomin Kano kaɗai ke fito masa, wannan da tsaron layi-layi na PostgreSQL, manhajar rumbunmu, muke yinsa, amma akwai tarko a ciki, asusun da ya mallaki tebur dokar ba ta hawa kansa sai ka sa FORCE ROW LEVEL SECURITY, babban admin kuwa ko ka sa wucewa yake. Shi yasa manhaja ba ta shiga rumbu da asusun mai tebur, asusunta daban, kuma makullinsa ba ya taɓa shiga cikin kod. Kamfanin sufuri na Uber a 2016 makullin AWS aka tsinta a ma'ajiyar kod ɗin manhajarsu da ke shafin GitHub, bayanan mutum miliyan 57 suka tafi. Wanda ya bar aiki kuma a ranar ake cire shi, ba sai ƙarshen wata ba.

Yanzu rufe lamba da taurarin nan. Labule ne, yana hana ido amma ba ya hana wanda ya riga ya shigo ɗaki. A SQL Server, manhajar rumbun bayanai ta Microsoft, misali, tun 2016 akwai rufewar da ake yi lokacin nunawa, ainihin lambar tana nan a tebur, abinda ke fitowa ne kawai ake ɓoyewa. Toh idan ka bar mutum yana rubuta tambayarsa da kansa zai ce a nuna masa ko bashin wane ya haura dubu ɗari biyar, in sunan ya fito ya ce dubu ɗari bakwai fa, in bai fito ba ya sauko ɗari shida, kafin ka sha shayi ya gano adadin daidai ba tare da ya taɓa ganin lambar ba. Don haka wanda aka rufe wa abu a hana shi taɓa asalin teburin kwata-kwata, a gina masa nasa tagar da ginshiƙin sirrin ma ba ya ciki.

Rufe bayanai na gwaji kuma nau'insa daban ne, kuma shi ne naka. Ana ɗaukar kwafi a cikin kilawud ɗin, a bi shi a canza sunaye da lambobin waya da BVN da NIN da ranar haihuwa zuwa na bogi har abada, sannan a miƙa wa masu gyara. Gwanintar tana wajen daidaito, in an mai da wani kwastoma wani suna a teburin rajista dole sunan ya zama ɗaya a teburin biya, in ba haka ba gwajinka shirme zai ba ka. Lambar wayar ma ta zama wadda ba ta shiga, ka yi tunanin kana gwada saƙon tunin bashi ƙarfe biyun dare ya tafi wayar mutane na gaske. Inda yara suka fi mantawa shi ne gurbin ƙarin bayani, nan ne ma'aikata ke rubuta abu irin "ya ce a kira shi ta layin matarsa" su zuba lambar cikakkiya, sai fayilolin da manhaja ke rubuta duk abinda ya wuce ta cikinta, sai tsofaffin kwafin ajiya. Kuma kar wani ya ce maka ya yi wa lambar waya hash, wato ya mai da ita wasu haruffa ta lissafin da ba a juya shi baya, ya gama. Lambobinmu 11 ne, farkonsu sananne, 070, 080, 081, 090, 091, kwamfuta za ta lissafa dukkansu ta gwada cikin ɗan lokaci. A 2014 haka aka warware lambobin tasin birnin Niyok da aka rufe da wani hash mai suna MD5 aka sake wa jama'a. In za ka yi, ka haɗa da makullin sirri da ke ajiye wani wuri daban. Lambobi ukun nan na bayan katin banki kuma ba a ajiye su ko kaɗan bayan an gama biya.

Doka ma tana nan, dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ce in bayanai suka fita ta yadda zai iya cutar da masu su awa 72 gare ka ka sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, kuma babban kamfani tararsa na iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa. Amma wallahi ba tarar ce ta fi damuna ba. Bashi sirri ne, matar da ta ranci jarin ƙosai ba ta so maƙwabta su sani, kuma ɗan damfarar da zai kira dattijo ya ce daga banki ne, ya karanto masa BVN da ranar haihuwarsa har ya yarda ya bada lambar da aka turo masa, daga irin teburinmu yake samun kayan aiki.

Matsalar da kake bi kuma, turo min lambar shigar rekod ɗin kawai ban da suna. In ta ƙi fitowa a kwafin gwaji zan nemi izinin awa biyu, a rubuta dalili, mu duba tare a allona. Kafin nan ka zauna gobe ka jero min duk ginshiƙan teburin rajista, ka sa alama a gaban duk wanda kake ganin ya kamata a canza kafin ya fita gwaji, ka fara da gurbin ƙarin bayanin.