Tambayi Likita: Tunda an ce sankara ce, wane rini kuma?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata shekarunta 56, ta daɗe da daina al'ada, sai ga jini ya dawo mata. Muka kawo ta Katsina aka ɗan yanki nama a bakin mahaifa. Sakamako ya nuna sankara ce, amma an ce sai an sake wani gwajin rini a kan naman kafin a fara magani. Yayyena maza sun ce neman kuɗi ne kawai, mu koma gida. Don Allah ki haska mini. Daga 'yar'uwarki a Daura.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Inna lafiya, ya saka miki da alherin ɗawainiyar da kike yi. Kada ku koma gida, ku yi gwajin.

Bari in shigar da ke ɗakin da nake aiki. Naman da aka yanka wa Inna bai fi ƙwayar wake ba. Ana jiƙa shi a ruwan famalin don kada ya lalace, a daskarar da shi cikin kaki, a yanko shi siriri fiye da bawon albasa, a shimfiɗa a gilashi. Sai a yi masa rinin farko mai launi biyu, shuɗi da ruwan hoda. Da wannan ne aka ga cewa sankara ce. Sau da yawa shi kaɗai ya wadatar, musamman a nau'in da ya fi yawa, wanda ke tasowa daga fatar bakin mahaifa.

Amma akwai nau'in da ke tasowa daga ƙwayoyin da ke fitar da majina. Shi ne mai wahalar sha'ani, domin sankarar cikin mahaifa kan gangaro har bakin mahaifa, kuma a ƙarƙashin madubin ƙara girma su biyun sai su yi kama kamar Hassana da Hussaina. A shekarun Inna, da irin jinin nan na bayan ɗaukewar al'ada, ina kyautata zaton wannan ce tambayar da likitanku ke son warwarewa.

Rini na biyu kamar aikin marina ne: inda aka ɗaure baba ba ya shiga, inda aka sake ya kama. Kowane sinadari da ake ɗigawa furotin guda yake nema, in ya same shi wurin ya koma ruwan ƙasa. Wanda muka fi dogaro da shi sunansa p16. Ƙwayar cutar HPV, wadda nau'inta na 16 da 18 ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa, tana sa ƙwayoyin jiki su tara p16 da yawa. Idan na ga rinin p16 ya sa gilashin ya rine ruwan ƙasa shimfiɗe, babu tsallake, ga rinin wani furotin mai suna CEA ya kama, na wasu biyu, ER da bimentin, kuma sun ƙi, hankalina ya karkata ga bakin mahaifa. Idan ER da bimentin ne suka kama, p16 kuwa ɗigo-ɗigo, to daga cikin mahaifa ta gangaro. Ba ma yanke hukunci da rini ɗaya, domin akwai sankarar bakin mahaifar da ba ruwanta da HPV. Tun 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta raba su gida biyu a kan haka, mai alaƙa da HPV da marar alaƙa.

Amsar nan ita ke zaɓen magani. Ta cikin mahaifa galibi tiyata ake fara yi, a cire mahaifa da ƙwan mace. Ta bakin mahaifa kuwa, in ta ɗan yi nisa, gasa cutar ne da hasken na'ura haɗe da allurar sankara, in kuma da wuri aka kama ta, tiyata ce mai faɗi daban. Raina yakan ɓaci in tuna matan da aka yi wa aikin da bai dace da cutarsu ba.

Ki faɗa wa yayyenki ba za a sake yankar Inna ba, da ɗan kakin nan na farko za a yi aikin. Ki rubuta lambarsa ki adana. In sinadaran babu a kusa, ana iya aika kakin babban asibitin koyarwa a Kano ko Zariya. Ke ma ki je a duba bakin mahaifarki, 'yan matan gidanku masu shekara 9 zuwa 14 kuma a kai su rigakafin HPV, wanda Najeriya ta fara bayarwa kyauta a Oktoban 2023.