Gwiwata tana ciwo: in sayi na'urar lantarki in bar atisaye?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Shekarata 58, gwiwoyina sun shekara uku suna ciwo. An yi hoto aka ce guringuntsi ya zaizaye, wato amosanin gaɓɓai. A sashen gashi na asibiti an koya min atisaye, ana kuma manna min wata na'ura mai sa fata zir-zir kamar tafiyar kiyashi. Na'urar tana sauƙaƙa min, atisayen kuwa ƙara min ciwo yake. Zan iya sayen ta in bar atisayen?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Don Allah kada ki bar atisayen, shi ne ainihin maganin.

Na'urar da kika siffanta ana kiranta TENS. Lantarki ne mai rauni da ke shagaltar da jijiyoyin fata, sai saƙon ciwo ya ragu kafin ya isa ƙwaƙwalwa, kamar yadda kike murza wurin da kika buge ki ji dama-dama. Sauƙin gaskiya ne, amma ba ya daɗewa bayan an cire ta, kuma ba ta mayar da guringuntsin da ya tafi. Shi ya sa a 2019 ƙungiyar likitocin amosanin gaɓɓai ta Amurka ta ba da shawarar kada a dogara da ita a ciwon gwiwa, sannan a 2022 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce babu isasshiyar hujjar amfaninta. Dukkansu motsa jiki suka sa a gaba. Akwai wata irin, NMES, da ke matse tsoka da kanta. Ita nakan ga amfaninta ga wanda cinyarsa ta yi rauni sosai har bai iya ɗaga ƙafa, kamar bayan tiyata.

Abin da ke riƙe gwiwa shi ne tsokar gaban cinya. Ciwo kan sa mutum ya rage tafiya, tsokar ta saki, nauyin jiki ya koma kan gaɓar da ta riga ta gaji, ciwon ya ƙaru, a ƙara zama. Wannan zagayen ne yake kwantar da iyayenmu mata a ɗaki tun ƙarfinsu bai ƙare ba, kuma yana damuna ƙwarai, domin ana iya tsinka shi da kujera ɗaya. Ki zauna, ki miƙe ƙafa sambal, ki riƙe daƙiƙa 5, ki sauke a hankali, sau 10 kowace ƙafa. Sai ki tashi tsaye daga kujerar ki koma, ki dafa idan ya kama. Ki haɗa da tafiya a fili mai laushi, ko minti 10 ne da farko.

Ciwon da kike ji a makonnin farko ba alamar ɓarna ba ne. Ki auna shi da wayewar gari: idan kin tashi ya koma yadda yake, ki ci gaba, idan ya kwana ya ƙaru ko gwiwar ta kumbura, ki rage yawan, ki sanar da mai yi miki gashi. Sai an yi mako 6 zuwa 12 ake ganin canji na sosai.

Idan akwai ƙiba, kowane kilo ɗaya da ya sauka yana rage wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku. Sanda kuma a hannun da ke ɗaya gefen ake riƙe ta, ba gefen gwiwar da ta fi ciwo ba. Tsuguno mai tsawo a banɗaki ko wajen wanki ki rage shi, sallah ma idan sujada ta gagara an yi miki rangwame ki yi a kujera.

In kina da hali kuma na'urar tana ba ki ƙarfin yin atisayen, ban hana ki saya ba. Amma kada ki sa ta idan kina da na'urar daidaita bugun zuciya ko farfaɗiya, ko a kan rauni, ko inda ciwon suga ya kashe ji a fata. Ranar da gwiwa ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi da zazzaɓi, ko ta maƙale ta ƙi lanƙwasuwa, ki je asibiti a ranar.