Muryar da aka tura a guruf kan adon rigar garkuwar Rumawa

Assalamu alaikum. Yaya, na ji tambayarka, wai wane fenti za ka sa wa rigar garkuwar da kake ɗinka wa masu kwaikwayon sojojin Rum. To don Allah ka ajiye fentin nan tukuna. Fenti na jikin garkuwar ne ita kanta, kamar wadda aka tono a Dura-Europos ta ƙasar Siriya, ja ce, da zanen zaki da gaggafa, yanzu tana jami'ar Yale a Amurka. Ita kuwa rigar, wato abin da ake rufe garkuwar da shi, fatar akuya ce, adonta ma fata ce aka ɗinka a kai.

Ka ga a Vindonissa, cikin Suwizalan, inda runduna ta 11 ta sojojin Rum ta zauna, an samu guntayen irin wannan riga. Wata 'yar fata suka yanka mai kusurwa huɗu, da kunnuwa biyu a gefe kamar allo, aka fitar da haruffan sunan rundunar, LEG XI, sannan aka ɗinka ta a kan rigar. Wallahi da na ga hoton, baduku na tuna, yadda yake yanka fata ya ɗora kan wata ya bi da ɗinki. Aikin ɗaya ne.

Saboda haka ka nemi fatar akuya wadda aka jeme da bagaruwa, irin ta majemarmu. Rumawa ma da ɓawon itace suke jima. Kada ka karɓi ta kamfani mai ƙyalli, daga nesa ake gane ta. Ka shafa wa zarenka kakin zuma, ka huda da basilla kafin ka ɗinka, gam kuma kada ya zo kusa. Bakin rigar ka naɗe shi ka zura igiya, kamar zariyar wando, ta yadda ja ɗaya za ta kama garkuwar.

Kuma kar ka cika ado, Yaya. Rigar tafiya ce, tana kare katako da gam na jikin garkuwar daga ruwan sama, in za a gwabza cire ta ake yi. Yuliyas Kaisar, jagoran yaƙin Rum, ya rubuta cewa a shekara ta 57 kafin haihuwar Annabi Isa, ƙabilar Nervii ta auka musu ba zato, har sojojinsa ba su samu sukunin cire wa garkuwoyinsu riga ba.

In ka yanka allon, turo min hotonsa kafin ka ɗinka, in duba haruffan.