Amsa: Me ya sa hannu ke yin sanyi idan an razana?

'Yar'uwa, kin tambayi dalilin da ya sa tafin hannunki ke yin sanyi ƙalau, gabanki na dukan uku-uku, duk sanda kika razana. Aikin sinadarin adrenalin ne. Wasu 'yan ƙullutai biyu ne ke sako shi cikin jini, ɗaya a saman kowace ƙoda. Nan take sai ya matse ƙananan hanyoyin jinin fata da na hanji, ya karkata jinin zuwa manyan tsokoki don ki iya gudun ceton rai. Hankali na kwanciya, ɗumi zai dawo.

Amma don Allah, in bugun zuciyar na zuwa haka kawai, ga zufa ga ciwon kai, ki je asibiti a gwada hawan jini.